Kafin a Sayi Tayil, a Fara Sanin Inda Ruwan Banɗaki Zai Tafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu gidaje da magina da masu aikin famfo, da kuma hukumomin da abin ya shafa, kan wani aiki da ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwannin cikin birnin Kano, wato yanke wani ɓangare na ɗaki a tsohon gidan ƙasa a mayar da shi banɗaki na zamani. Ba ni da ja da wannan aiki ko kaɗan. Dattijon da ƙafa ta yi wa nauyi bai kamata a ce sai ya ratsa tsakar gida da tsakar dare cikin sanyin hunturu kafin ya kai makewayi ba, haka nan mai jego da marar lafiya. Saurayin da zai ajiye amarya a sashensa na gidan gado shi ma yana da haƙƙin ya nema wa iyalinsa sutura. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gudanar da aikin. Ana kashe kuɗi masu yawa a kan tayil da masan zama da madubi, abubuwan da ido ke gani, sai a bar bututun da zai fitar da ruwa da ƙazanta a hannun duk wanda ya fi sauƙin farashi, alhali wannan bututun da aka binne shi ne zai yanke hukunci ko gidan zai ci gaba da tsayuwa ko kuwa zai fara zubewa daga gindi.

Magabatanmu da suka gina waɗannan gidaje da tubali da azara sun san cewa ruwa ne babban abokin gābar ginin ƙasa, kuma duk tsarin gidan ya nuna wannan sani. Sun yi wa soro indararo mai tsawo domin ruwan sama ya zuba nesa da bango. Sun yi katanga mai kauri daga ƙasa tana sirancewa zuwa sama, suna yi mata yaɓe da makuba, suna sabunta shi kafin damina. Masai kuwa sun kai shi can ƙuryar gida, nesa da ɗakunan kwana, wurin wanka kuma a fili yake, rana tana dukansa, ruwansa yana bi ta rariya ya fita kwata a bainar jama'a, inda ko ya toshe kowa zai gani. Ruwan ma kansa ba shi da yawa, domin wanda ya ja guga daga rijiya ko ya saya a wurin ɗan garuwa ba ya almubazzaranci da shi.

Yau an sauya wannan tsari gaba ɗaya ba tare da an sauya ginin ba. An haƙa rijiyar burtsatse, an ɗora tanki a sama, an jawo ruwa har cikin ɗakin kwana. Masan zama yana sakin lita 6 zuwa 9 a duk lokacin da aka kora, shawa tana zuba muddin mutum yana tsaye a ƙarƙashinta, kuma duk wannan ruwa yana bi ta jikin bangon ƙasa ko ta ƙarƙashinsa, a ɓoye, inda babu mai ganin yoyo. Tubali yana da ƙarfi matuƙar a bushe yake. Da zarar gindin bango ya daɗe yana shan ruwa sai ya yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi kuma yana nan a kansa bai ragu ba. Sau da yawa idan bango ya faɗi a watan Agusta sai a ce ruwan sama ne, amma a gidaje da dama ruwan saman ya zo ne ya tarar da gindin da yoyon banɗaki ya riga ya cinye tun rani.

Saboda haka nake ganin tambaya ta farko da mai gida zai yi wa kansa, tun kafin ya taka kasuwa, ita ce: ina ruwan zai ƙare? Aikin magudana daga ƙarshe ake fara lissafinsa a dawo baya. Sai an san inda ramin tara ƙazanta zai zauna da zurfin bakin da bututu zai shiga cikinsa, sannan a auna nisa zuwa ɗakin, sannan a san tsayin da daɓen banɗakin zai kasance. Ƙazanta ba ta tafiya sai da gangara, kuma ma'aunin da masu aikin suka saba da shi ga bututu mai inci 4 shi ne ya sauka santimita biyu da rabi a kowace mita ɗaya. Idan tsakanin banɗaki da rami mita 12 ne, ke nan ana bukatar saukar santimita 30, ban da zurfin da bututun zai fara da shi a ƙarƙashin daɓe. Wannan lissafi ba a yin sa da ido. Ana yin sa da igiya da ma'aunin lebur, ko da siririyar tiyo mai haske da aka cika da ruwa, wadda kowane birkila ya san amfaninta. Idan gangarar ta gaza, ƙazanta za ta kwanta a hanya, bututu ya riƙa toshewa duk bayan 'yan watanni. Idan kuma aka shimfiɗa shi yana hawa da sauka saboda ba a daidaita ƙasan ramin da aka kwantar da shi a ciki ba, kowane kwari da ya yi zai zama matattara.

A nan ne tsohon gida yake da wata matsala da sabon gini ba shi da ita. Duk wanda ya san lungunan Yakasai ko Mandawari ko Koki ya san cewa a gidaje da yawa sai an sauka ake shiga zaure, domin shekaru aru-aru na ciko da rushewar gini da sake gini sun ɗaga lungu sama da tsakar gida, ɗakunan ciki kuma wani lokaci sun fi tsakar gidan ma zurfi. Mai aikin da ya tarar da haka yakan nemi gangara ta hanyar zurfafa ramin da zai kwantar da bututu, ya bi gindin bango yana haƙa saboda nan ne ba ya tare hanya. Wannan babban ganganci ne. Harsashin ginin ƙasa ba shi da zurfi sosai, kuma ƙasar da ke gefensa tana cikin abin da ke riƙe da shi. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada ramin da ke tafiya a gefen bango ya zarce gindin harsashi a zurfi fiye da nisan da ke tsakaninsa da harsashin. Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi aminci shi ne a ɗaga daɓen banɗakin da mataki ɗaya ko biyu, a samu gangarar daga sama, a kuma bi da bututun ta tsakiyar fili. Idan banɗakin na tsoho ne wanda hawa mataki zai wahalar, gara a zaɓi ɗakin da ya fi kusa da ramin ko da ba shi aka so da farko ba.

Sai maganar bangon kansa. A ginin bulo ana sara bango a cusa bututu a shafe da siminti, kuma wannan sabo ne masu aikin famfo suke kawowa cikin gidan ƙasa. Sara doguwar hanya a jikin tubali rage masa kauri ne a daidai wurin da yake ɗauke da kaya, kuma duk mahaɗar da aka binne a ciki, ranar da ta fara ɗiga ba wanda zai sani sai bango ya kumbura. Haka nan manna tayil kai tsaye a kan bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, ruwa yana samun hanya ta tsakanin tayil ya shiga baya, simintin kuma ya hana danshin fita, sai ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskar tana sheƙi. Shawarata ita ce a tayar da siririn bangon bulo a cikin ɗakin, a kan nasa harsashin, a bar ɗan tazara tsakaninsa da tsohon bango, a yi wa daɓen kankare da abin hana ruwa wucewa wanda zai hau jikin bulon kaɗan, sannan a sa tayil. Bututu kuma su bi jikin sabon bangon ko su fita waje a gan su. Inda ya zama dole bututu ya ratsa tsohon bango, a huda sau ɗaya, a miƙe, a zura wani bututu mafi faɗi ya zama riga, na ruwan ya bi ta cikinsa, domin idan gini ya ɗan motsa kada ya danne shi ya fasa. Na san wannan yana cin wuri a ɗakin da dama ba shi da faɗi, yana kuma ƙara kuɗi, amma bai kai kuɗin tayar da bangon da ya faɗi ba, balle abin da bangon zai faɗa a kai.

Akwai kuma abin da dattawan gida kaɗai suka sani, wato wuraren da aka taɓa haƙa masai ko rijiya aka cike. Gidan da ya shekara ɗari yana iya samun irin waɗannan ramuka da yawa, wasu ma an yi ɗaki a kansu. Ƙasar ciko tana ci gaba da zama shekara da shekaru, musamman idan ruwa ya same ta, kuma bututun da aka ɗora a kanta zai lotsa ya ɓalle daga mahaɗa. Ya kamata a zauna da tsofaffin gidan, musamman mata waɗanda suka fi kowa sanin tsakar gida, a tambaye su kafin a sa diga.

Game da kayan aiki ba zan tsawaita ba. Bututun masai inci 4 ne, na wurin wanka inci 2, na wurin wanke hannu inci ɗaya da rabi, kuma a kasuwa akwai mai kauri akwai marar kauri, wanda za a binne a ƙasa kuwa mai kaurin ake nema. Al'adar nan ta gasa bakin bututun roba a wuta domin a faɗaɗa shi a zura wani, ko a lanƙwasa shi maimakon a sayi gwiwa, ita ce tushen yoyo a gidaje da yawa, domin robar da ta sha wuta tana sirancewa ta yi gautsi. A sayi mahaɗa da gam na ainihi. A shimfiɗa yashi a ƙasan rami kafin a kwantar da bututu, a rufe shi da yashi kafin ƙasa. Inda hanya za ta juya, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai digiri 90, kuma a kowace babbar kwana ko mahaɗar layi biyu a gina cemba, wato ɗan ramin dubawa mai murfi, domin ranar da aka samu toshewa a buɗe a zura sanda, ba sai an farfasa daɓen tsakar gida ba.

Wani abu da ake yawan tsallakewa shi ne hanyar iska. Kowane masan zama yana da lanƙwasa a ƙasansa wadda ke riƙe ruwa kamar santimita 5, kuma wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke hana iskar rami da kyankyasai dawowa cikin ɗaki. Magudanar daɓe da ta wanke hannu su ma suna bukatar irin wannan lanƙwasa, amma sau da yawa sai a sa musu miƙaƙƙen bututu a haɗa da layin masai, shi ya sa za ka shiga ɗakin amarya sabo fil ka ji wari, a yi ta turaren wuta ba a san daga ina yake fitowa ba. Ko da an sa lanƙwasar, idan babu bututun shaƙar iska, ruwan da aka kora da ƙarfi yana iya zuƙe ruwan da ke cikinta ya bar ta a buɗe. Don haka dole a tayar da bututu daga layin masai ya wuce saman rufi, nesa da taga, a ɗaure masa raga a baki saboda ƙuda da sauro. A unguwannin da gidaje ke manne da juna, a duba kada bakinsa ya tsaya daidai tagar benen maƙwabci.

Kafin a mayar da ƙasa, a gwada. A toshe ƙarshen bututu, a cika shi da ruwa, a sa alama, a bar shi na 'yan sa'o'i, a bi kowace mahaɗa da hannu. Mai gida ya tsaya da kansa a wannan rana, kuma kada ya biya cikon kuɗin aiki sai ruwan ya tsaya inda aka bar shi. Ya kuma ɗauki hoton layin da wayarsa kafin a rufe, saboda wanda zai zo gyara bayan shekaru.

Yanzu na zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ramin da muke kira sokawe. A tsarin da ya dace abu biyu ne. Akwai tankin tara ƙazanta wanda ake ginawa da bulo a shafe ciki da siminti yadda ba zai yi yoyo ba, a raba shi gida biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku, inda ƙazanta ke kwantawa ta ruɓe. Sai ramin tsotsewa, inda ruwan da ya tace daga tankin ke shiga ƙasa a hankali. Abin da aka fi yi a cikin gari shi ne rami guda, ƙasansa a buɗe, komai ya faɗa ciki, kuma saboda ƙarancin wuri a haƙa shi a gindin bango ko a zaure ko ma a cikin lungu. Ramin tsotsewa aikinsa ke nan ya jiƙa ƙasar da ke kewaye da shi, shi ya sa ake son ya nisanci gini da kamar mita 5. Game da rijiya kuwa, ma'aunin da masana tsaftar muhalli suka fi ambata shi ne mita 30 tsakaninta da ramin, sannan ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa. A unguwannin da ke kusa da Jakara da bakin tsofaffin kududdufai ruwan ƙasa yana tasowa sosai da damina, don haka ramin da aka haƙa a watan Maris aka gan shi a bushe ƙayau yana iya zama cikin ruwa a watan Agusta, ƙazantarsa tana gauraya da ruwan da rijiyoyin unguwa ke sha. Wanda yake son sanin gaskiyar filinsa ya leƙa rijiya mafi kusa a tsakiyar damina ya auna, sannan ya yi aikinsa da rani.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna. Hanyar wannan cuta sananniya ce, bayan gida ne ke shiga ruwan sha. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili a 2019, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta kuɓuta daga wannan ɗabi'a a 2022, abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai masai mai tayil wanda raminsa ke tsiyaya cikin rijiya ya kai ƙazantar inda ake gudun ta kai, ta hanyar da ma ba a gani.

Na san za a ce mini, a ina za a samu mita 30 a cikin Kano? Gaskiya ne, gidaje da yawa faɗinsu gaba ɗaya bai kai haka ba, kuma rijiyar maƙwabci tana bayan katanga. Amma rashin wuri ba ya halatta a rufe ido. Inda ba za a samu tazara ba, abin yi shi ne a gina tanki rufaffe wanda ba ya tsiyaya, a rage ruwan da ke shiga cikinsa, a riƙa kwashewa a kan lokaci. Ruwan wanka da na wanki a raba hanyarsu da ta masai, ruwan indararo kuma kada ya kusanci tankin ko kaɗan, domin ruwan sama na dare ɗaya ya isa ya cika shi ya tumbatsa. Abin da bai halatta ba ta kowace fuska shi ne a juya bakin bututun masai cikin kwatar lungu, inda yara ke wasa, inda masu zuwa masallaci ke tsallakawa. Addininmu ya kafa ƙa'idar cewa babu cuta babu cutarwa, kuma malamanmu sun daɗe suna bayanin haƙƙin maƙwabci a kan ruwa da wari da duk abin da zai raunana bangonsa. Katanga ɗaya ce ke raba gidaje da yawa a cikin birni, wanda ya jiƙa gindinta daga nasa ɓangaren ya jiƙa wa mutum biyu.

A gidajen gado matsalar tana ninkuwa. Kowane ɗa idan aurensa ya matso sai ya kira nasa mai aikin, cikin gaggawa saboda an sa rana, ya haƙa nasa ramin a ƙofar sashensa, bayan 'yan shekaru sai a wayi gari tsakar gida ɗaya tana ɗauke da ramuka huɗu ko biyar, ƙasar gidan duk ta jiƙe. Da 'yan'uwa za su zauna su haɗa kuɗi su gina tanki ɗaya mai kyau a wurin da ya fi dacewa, su ja babban layi guda mai cemba a gaban kowane sashe, da wanda zai yi aure gobe sai dai ya haɗa nasa kawai. Wannan ya fi arha, kuma zai rage rigimar da ke kai 'yan gida ɗaya gaban mai unguwa. A wurin zaɓar mazaunin tankin a tuna da ranar kwashewa, domin motar zuƙa ba ta shiga yawancin lungunanmu, tiyonta kuma yana da iyaka. Idan masu kwasa da hannu ne za su yi aikin, a bar musu baki mai faɗi da murfin kankare mai rodi. Iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana kashe mutum cikin ɗan lokaci, wata kuma tana kamawa da wuta, don haka kada a bar kowa ya shiga da zarar an buɗe, kada kuma a leƙa da ashana ko fitilar ƙwai.

Roƙona ga hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatun lafiya da muhalli na jiha shi ne su fitar da 'yar takarda da Hausa, da boko da ajami, mai zane a sarari, wadda ke nuna gangara da lanƙwasa da bututun iska da tazarar rami daga bango da rijiya, a raba ta a shagunan masu sayar da kayan famfo da wurin masu unguwanni. Ma'aikatan duba-gari su riƙa zuwa kafin a rufe rami, su zo a matsayin masu ba da shawara, domin idan mutane suka ɗauka tara za a ci su, da dare za su yi aikin su binne. Kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin masu aikin famfo su shirya gajeren horo na musamman kan aiki a ginin ƙasa, a gayyato tsofaffin magina na gargajiya su yi bayanin yadda tubali da azara suke ɗaukar kaya, tun da yaran da ke koyon aikin famfo a yau a ginin bulo suka buɗe ido. A lungunan da gidaje suka yi ƙanƙanta har ba wanda ke da wurin tanki, ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale su duba yiwuwar gina tanki na haɗaka a bakin titi inda mota za ta iya isa, gidajen lungun su ja layi ɗaya zuwa gare shi, su riƙa haɗa kuɗin kwashewa. Ina kuma roƙon wannan jarida ta tura wakilinta cikin waɗannan unguwanni kafin damina mai zuwa, ya zanta da magina da masu aikin famfo da masu kwasar masai, ya kawo wa masu karatu abin da suka gani da idonsu.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga cikin birnin Kano